Ranar da Braimah Ya Ceci Mai Tukku

Duk wanda ya taɓa hawa tasin 'yan Zango a Bronx ya san muryar Braimah, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai oba-oba a tashar motocin Alhaji Mahamudu da ke Grand Concourse, wato mutumin da fasinja zai bugo wa waya, shi kuma ya danna maɓallin rediyo ya tura direba. Ofishin nasa bai fi shagon mai gyaran agogo ba: teburi, benci na direbobi, da talabijin a maƙale can kusa da silin, inda sai ka sadaukar da wuyanka kafin ka yi kallo.

Daga Kumasi ya zo tun yana da gashi a ka. Alhaji Mahamudu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya ba shi rigar sanyi da katifa a falo, kuma tun daga ranar Braimah yake godiyar rigar nan da rayuwarsa. Alhaji ya taɓa dafa kafaɗarsa ya ce wata rana zai sa sunansa a takardun tashar, su zama abokan tarayya. Wata ranar nan dai ta daɗe a hanya. Yaran Alhaji da Braimah ya ci naman sunansu har sun gama jami'a, ita ba ta iso ba.

A shekarar 2015 kasuwar ta fara mutuwa a tsaye. Fasinja ya koyi kiran mota da ɗan yatsa a wayarsa, direbobi suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Nimatu, matar Braimah, wadda ke aikin jinyar tsofaffi a gidajensu, ta san kamannin abin da ya kusa cikawa. Yayanta Abdul-Razak yana da kantin kayan abincin gida a Port Richmond, zai buɗe na biyu, yana neman amintacce da zai riƙe masa. Ya yi wa Braimah tayi, ba sau ɗaya ba. Braimah ya ce zai yi tunani, kuma tunaninsa a talabijin yake yin sa.

Ga yadda abin ya faro. A farkon shekarar, Souley, wani direba ɗan Maraɗi, yana neman ƙwallo sai ya faɗa wata tasha mai nuna fim ɗin Japan na zamanin dā, irin na samurai, mayaƙan nan masu takobi biyu a ƙugu. Duk Lahadi da yamma ake nuna shi, kuma an ce sai Disamba zai ƙare. Sunayen mutanen fim ɗin sun fi ƙarfin harshen kowa, don haka aka yi musu sabon suna ba tare da rago ba. Jarumin, mai aske gaban kai da ɗaurin gashi a tsakiya, ya zama Mai Tukku. Wanda yake yi wa bauta ya zama Ubangida. Abokin gabarsu kuwa Jan Kwalkwali.

Fassarar Turancin da ke ƙasan allo gudu take kamar an biyo ta, sai Braimah ya ɗauki nauyin mayar da ita Hausa. Wata Lahadi ya manta yatsansa a kan maɓallin oba-oba, duk direbobin da ke kan titi suka ji. Shi ke nan, ta zama ƙa'ida. In fim ya fara, fasinja ko haihuwa za ta yi sai ta jira talla.

Braimah ba fassara kawai yake yi ba, shiga rigar mutumin yake. Ba ya cewa "ya ce", sai dai ka ji ya kumbura murya: "Ni Mai Tukku, wallahi ba zan bar Ubangidana ba ko duniya za ta tashi." A bakinsa samurai suna sallama, suna tambayar iyali, giyar da suke kurɓa a ƙananan kofuna kuma ta zama koko. Kowa ya san da wa yake in ya zo kan maganar amana. Mai Tukku ma a titi Ubangida ya tsince shi, ya ba shi riga. Sau uku Jan Kwalkwali yana aiko masa da tayin muƙami, yana ƙi. Braimah kan fassara wannan ƙin da wani irin daɗi, har ya gyara zama.

"Baban Najat," in ji Nimatu wata safiya tana ɗaura takalmin aiki, "Yaya ya sake kira. Me zan ce masa?"

"Ki ce ya ba ni zuwa ƙarshen fim ɗin nan."

Ta tsaya da igiyar takalmi a hannu. "Fim? Kai dai, mutanen Japan ne za su zaɓa maka aiki?"

"Ba ki gane ba. Za ki ga yadda ake saka wa mai amana."

"To Allah ya sa su haɗa da inshorar lafiya," ta ce, ta ja ƙofa.

Ranar Lahadin ƙarshe tashar ta cika da wuri. Auntie Akua, Ba'ashantiyar da ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a shagon kusa, ta rufe tukunyarta ta shigo da ita gaba ɗaya, domin a cewarta ba a cin nasara da yunwa. Souley ya ƙi ɗaukar fasinja, ya kama bakin benci. Waɗanda aiki ya riƙe a titi suna ta kiran ofis ta oba-oba, "Bes, Bes, an fara?" Braimah ya saka farar jamfarsa ta Juma'a. In ka gan shi sai ka ce shi za a naɗa.

Fim ya fara da sulhu. Ubangida ya gaji da yaƙi, ya zauna da Jan Kwalkwali suna shan kokonsu. Jan Kwalkwali ya ce ya yarda a daina, amma da sharaɗi ɗaya: ran Mai Tukku, wanda ya kashe masa ɗa a fagen fama. Braimah ya fassara wannan yana murmushi, don ya san Ubangida zai kifar da teburin. Ubangida bai kifar da komai ba. Ya ɗan kalli lambu, ya gyaɗa kai.

Sai aka nuno Mai Tukku cikin fararen kaya, zaune a kan tabarma. Aka kawo masa tiren katako, a kai gajeriyar wuƙa naɗe da takarda, saƙo daga Ubangida. Ya sunkuya har goshinsa ya taɓa ƙasa. Rubutun ya fito a ƙasan allo, a hankali wannan karon, yadda ko Souley ya karanta: yana godiya da aka ba shi wannan girma. Ya buɗe rigarsa, ya farke cikinsa da hannunsa. Aka sa kiɗan sarewa, sunaye suka fara hawa.

Yatsan Braimah na kan maɓalli, bakinsa a buɗe, babu abin da ke fita. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya sauka a ƙasar nan ba ya da kowa. Oba-oba ta ɗauki ƙara: "Bes, me ke cikin tiren? Bes?"

Ya kumbura murya. "Ni Mai Tukku, Ubangidana ya aiko min da makullin gari. Ya ba ni gonaki da doki, ya ce daga yau ni da shi daidai muke. Alhamdu lillahi." Ya saki maɓalli.

Auntie Akua ta ajiye ludayi tana hawaye. "Braimah, wane doki? Mutum ya yanka kanshi kamar kifi, kana ce doki?"

Souley kuwa ya miƙe tsaye yana nuna talabijin. "Vraiment, wannan cin amana na. Shekara guda ina barin fasinja a titi don wannan sakarai, ashe wuta za shi. Kisan kai fa! Ko salla ba a yi mishi."

"Da can salla yake yi?" in ji Akua tana fyace hanci.

"A bakin Baba Braimah yana yi."

Wani ya ce laifin matar Mai Tukku ne, da ta zauna tana ninke masa fararen kayan maimakon ta ɓoye wuƙar. Wani ya ce da a unguwar Nima ne can gida, da Ubangidan ne zai haɗiye ta. Aka kawo shawarar a buga wa ofishin jakadancin Japan waya, aka tuna yau Lahadi. Najat, 'yar Braimah, ta kira daga gida ta ce ta duba intanet, mutanen Japan suna ta kuka suna cewa ba a taɓa ƙarshe mai kyau irin wannan ba. Souley ya ce to ya gode Allah da bai taɓa neman bizarsu ba.

Ana cikin haka sai ga hon daga waje. Direbobin titi ne suka jero motoci layi biyu, fitilu na walƙiya, sun zo murna. Ishawu, babbansu, ya shigo da kwalin lemo a kafaɗa yana kirari, ya tarar da mutane zugum kamar gidan makoki. Nan tashar ta rabu biyu, waɗanda suka gani da waɗanda suka ji. Na titi sun fi yawa, kuma sun fi yarda da kunnensu. Ishawu ya ce shi da wanda ya karanta Turancin zai yi aiki, ba da masu kallon hoto ba. Duk suka juyo ga Braimah, shi kuwa ya duƙufa neman wani abu a aljihun teburi.

Alhaji Mahamudu ne ya cece shi, ko kuma ya ƙarasa shi. Ya shigo da carbi da ƙamshin turare, fuskarsa fal annuri, domin shi ma a motarsa ya saurara.

"Braimah ɗan'uwana, ka ji ko? Haka ake so. Wanda ya yi haƙuri da maigidansa ba ya taɓewa. Yaran yanzu su ji." Ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗar nan da ya saba dafawa. Ya ce daga Janairu ɗansa Sheriff zai kawo kwamfuta, kira zai riƙa tafiya kai tsaye zuwa wayar direba, an gama da oba-oba. Abin da ake so daga Braimah shi ne ya zauna da yaron ya koya masa halin kowane direba, wa ke son filin jirgi, wa ke tsoron Brooklyn.

"Bayan na koya masa fa, Alhaji?"

"Ai kai ɗan gida ne. Makulli na hannunka, ba za a rasa abin yi ba."

Braimah ya tattara duk ƙarfin halin da ya tara a Amurka ya tambayi maganar takardu. Alhaji ya yi dariya mai taushi ya ce wannan ai sai an zauna, wata rana. Ya ɗebi waakye a roba ya tafi, don ana jiransa a masallaci.

Direbobi sun koma titi, sai Akua tana kankare tukunya. Braimah ya daɗe yana kallon maɓallin, sannan ya danna. Muryar da ta fito ta fi ta kullum kauri, domin fushi ne ya kumbura ta.

"Ku ji da kyau. Ƙarya na yi muku, babu doki, wuƙa aka ba ni. Amma ni ba zan ce na gode ba. Na yi bauta da ƙuruciyata, na ƙi tayin mutanen kirki, an saka min da wannan. Daga yau na ajiye. Ubangida ya nemi wani."

Ya fita ba tare da ya kashe fitila ba, zuciyarsa wasai. A bakin tashar jirgin ƙasa na D ya kira Nimatu ya ce ta shaida wa yayanta ya amince.

Da ta yi magana, babu gatse a muryarta, abin da ya fi komai ba shi tsoro. Ta ce tun Juma'a Abdul-Razak ya ba wani mai suna Tamimu kantin. Mai ginin ya matsa a sa hannu, shi kuma ya ce ba zai iya gaya wa Bature yana jiran fim ba. Ta rasa yadda za ta faɗa masa ne, ganin yadda ya goge jamfarsa.

Washegari da safe Braimah ya tsaya a ƙofar tashar. Ya gaya wa kansa makulli kawai ya kawo. Ba wanda zai karɓa, ga waya tana ta ƙara a ciki, sai ya buɗe. Ya shirya wa kunya, ya shirya wa fushin Alhaji, har ya tsara abin da zai ce. Babu ɗaya da ya zo. Souley ne ya fara shigowa da kofin shayi, ya miƙa masa hannu da girmamawa.

"Baba Braimah, wallai na jiya na ƙarshen nan ya hi duka. Inda Mai Tukku ya ce ya aje, Ubangida ya nemi wani. Tsigar jikina sai da ta tashi. Ishawu ya ce ashe bayan sunaye akwai saura, mu muka yi gaggawar tashi. Alhaji ma ya ji, ya ce mutanen Japan sun iya fim."

Braimah ya dube shi. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi magana da bakinsa, an ba wani.

"To wanne ne na gaskiya cikin ukun?" in ji Souley.

Wayar ta sake ƙara. Braimah ya zauna, ya ɗauka, ya saurara, sannan ya danna maɓalli ya ce akwai wata tsohuwa da kaya a titi na ɗari da sittin da bakwai, wa ke kusa.