Ranar da Na Kankare a Bakin Ƙwarya

Ku matso nan, jikokina, ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni kunne.

Shekarun baya, lokacin da ake ɗaga ganuwar Damagaram, muna zaune a Garagumsa ni da mijina. Manomi ne, da rani kuma yana zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Ba shi da magana. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na ji a ɗaki da safe, kafin azahar ya isa bakin rijiya.

A shekarar aka yi ta raɗe-raɗin mahara, aka kuma kira maza aikin ganuwa. Saura 'yan kwanaki ya tafi, sai na ga hatsin rumbunmu yana raguwa. Kullum ya ɗora wa jaki ya fita, ya dawo da ƙasa a ƙafa. Har randunana biyu suka ɓace.

Na ce, "Maigida, ina hatsin ke zuwa?"

Ya ce, "Inda bakinki ba ya kaiwa."

Ranar tafiyarsa ya miƙo mini sabuwar ƙwarya. Ya ce, "Kar ki dama fura a ciki. In wuya ta yi, hatsinki na nan cikinta."

Na leƙa, ko ƙwaya babu, sai zane. Wani abu mai rassa a tsakiya, ɗige-ɗige a jere sun fita daga gindinsa, ƙarshensu wata 'yar da'ira. A can baki kuma, da'ira mai gashi-gashi. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Na kai wa yayata.

Ta juya ta, ta sansana, ta ce, "Ke, wannan aikin boka ne. Can hatsinki ya tafi. Wannan mai gashin ido ne, an sa shi ya tsare ki, a ɗaure miki baki. Kankare shi."

Na ɗauki wuƙa na kankare idon tas. Sauran zanen kuwa ban taɓa ba. Na jefa ƙwaryar ƙarƙashin gado.

Maharan suka zo kuwa. Muka gudu daji kwana uku, muka dawo rumbu toka. Bayan wata guda ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙu, kowa na neman iri, ba mai ba wani. In danshin nan ya wuce ba mu shuka ba, shekarar ta tafi, ga 'ya'ya uku, ga mahaifiyata da ta tsufa a wurina.

Ita ce ta ce in ɗauko ƙwaryar. Ta kawo ta kusa da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Wane sakarai ya ce miki sihiri ne? Wannan ai kukar bayan gonarku ce, ga reshenta da tsawa ta karya. Waɗannan ɗigon taku ne. Wannan kuma bakin randa."

Muka tafi da fartanya. Ɗigo goma sha biyu, na ƙirga taku goma sha biyu. Amma ta wace fuska? Ƙwarya zagaye take, duk yadda ka juya ta daidai ne. Muka haƙa yamma, babu. Muka haƙa kudu, babu. Kwana biyu, ƙasa na bushewa a idonmu. Yayata tana tsaye tana cewa, "Na faɗa muku yaudara ce." Ni ma na fara komawa ga zargina.

Rana ta uku mahaifiyata ta zauna gindin kukar, tana shafa ƙwaryar da yatsa. Sai ta tsaya.

"Mijin nan naki ba ya barin aiki rabi. Nan akwai kaushi. Wa ya taɓa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Inna, ni ce. Ido ne mai gashi."

"Ido? Rana ce, 'yar nan! Ya nuna miki gabas, kin kankare."

Ta juya wurin kaushin ya fuskanci mafitar rana. Ɗigon suka miƙe arewa. Na fara taku, ta ce, "Buɗe ƙafa, takun namiji ne, ba na mai zani ba." A na goma sha biyu fartanya ta daki yumɓu. Randuna biyu, an liƙe bakinsu da laka, hatsi a bushe. Washegari muka shuka, da sauran danshi kaɗan.

Har yau in na ga abin da ban gane ba, ba na kai masa wuƙa. Ina neman mai ido in tambaya.

Yayata ta koma Zango wurin ɗanta, ta rasu tana cewa ai ita tun farko ta ga kamar rana ce. Mahaifiyata ta ci tuwon hatsin nan, damina biyu bayan haka Allah ya karɓe ta. Mijina ya dawo bayan girbi da ciwon baya. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Ya sa ƙarfe a wuta, ya sake zana ranar, babba ƙwarai, ya ƙara zakara yana cara a gefenta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa.

Ƙwaryar kuwa, ga ta can a rataye. Ku ɗauko ku gani, amma a hankali. A ƙarƙashin zakaran, in kun shafa, kaushin yana nan.