Bube Mai Agogon Angwaye

Mahaifina, Bube dillalin shanu, ya tara agogon hannu har huɗu a zamanin da yawancin mutanen Kebbe ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ya rasu cikin azumin da ya wuce. Ina rubuta wannan ne a ɗakin da nake haya a Kaduna, kuma na fara na yage ya fi a ƙirga, domin tun abin da ya faru a garin nan hankalina bai koma jikina ba. Mota in ta yi ƙara a bayan taga sai in zabura. Amma ina so a san shi, ko da a takarda ce.

Ba mai kuɗi ba ne. Yana da gonar gero da dawa, da 'yan shanu a bakin fadama, ran kasuwar Tambuwal kuma yakan yi sammako ya tafi kara, kasuwar shanu, ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Son agogo ya shige shi ne daga wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama, wanda ya ba shi nasa ya karɓi rago. Wannan shi ne agogon aikinsa, mai kauri, gilashin duk ya karce, maɗaurin ya sha gumi har ya yi baƙi. Daga baya ya sami wasu biyu a wajen ciniki. Ɗaya bai taɓa motsi ba tun da ya shigo gidan, amma bai yar ba.

Na huɗun ya sayo shi a Sakkwato shekarar da aka sami mulkin kai, bayan ya sayar da bijimin da ya fi so. Siriri ne, kaurinsa bai wuce a haɗa sule biyu ba. Fuskarsa fara fat, babu lamba ko ɗaya sai 'yan zane masu ruwan zinariya, maɗaurinsa baƙar fata mai laushi. Yana naɗe shi cikin wani jan ƙyalle ya sa a adaka.

Abokinsa tun na ƙuruciya, Maccido tela, bai taɓa barinsa ya huta a kan agogon nan ba.

"Bube, wanga abu agogo na, ko ɗan kunnen mata?"

"Agogo na. Idonka na ya tsufa."

"To ina lambobinai? Ka shiga kara da shi, saniya ta yi atishawa, shi ke nan ya mutu."

"Ai ba na kara ba na."

"Kana da uku masu aiki, mi kaka yi da na fuɗu?"

"Biyu masu aiki. Ɗayan hutawa shika yi."

"To biyun ba su isa ba?"

"Kai da kaka ɗinka wa mutane manyan riguna, ka taɓa ganin an tafi noma da su? Duk wanda agogonai ya wuce ɗaya, ya aje na ranar da za a dube shi."

"Kai wa ka dubinka, Bube? Shanu?"

Kusan gaskiyar Maccido ce, domin Baba ba ya ɗaura shi sai ran Sallah. Mutane ne suka nemo wa agogon aiki. A wajenmu ango ba ya jin kunyar aro: rigar wane, rawanin wane, takalmin wane, a yi biki a mayar wa kowa da nasa. Wani saurayi daga Fakku ya zo ya durƙusa ya roƙi agogon, Baba ya ba shi. Kafin a yi damina biyu abin ya zama al'ada. Daga Kebbe har Sanyinna, ango bai cika ango ba sai an ga farin agogon Bube yana leƙowa daga hannun rigarsa. Bai taɓa karɓar ko goro ba.

Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma bai taɓa karya shi ba: ba a aika agogon, ba a aiko a karɓa. Mai so ya zo da ƙafarsa. Baba zai zaunar da shi a zaure, ya kama tsintsiyar hannunsa, ya ɗaura masa da kansa, yana kiran sunansa yana tsokanarsa.

"Ɗan'iya, miƙo hannu. Kai, wanga hannu ko taɓarya? In za ka alwala ka kwance shi. Kuma kar ka tsaya kallonai ka mance da amarya."

Ina hutun jami'a na ga wannan ɗaurin na wani ango, Ɗan'iya, ina zaune a bakin zaure. Na yi dariya tare da kowa. A cikin samarin Kebbe tsarana, ni kaɗai ne Baba bai taɓa kama wa hannu ba.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Uba yana kunyar ɗan fari: ba ya ambatar sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna a gaban mutane cewa ya damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni Tambuwal wajen yayarsa, Gwaggo Tambaya, ita ta raine ni, ita ta sa ni makaranta. Sunana Abdu, amma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. In dole ta sa zai ambace ni sai ya ce "na Tambaya". In na gaishe shi yakan amsa yana duban wani wuri. Ƙannena kuwa hawa bayansa suke yi suna cire masa hula. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba. Gwaggo ma 'yar fari ce, ta ce haka kakanmu ya yi mata har ya koma ga Allah. Sai dai sanin dalilin abu ba ya hana shi ciwo.

Da na gama karatu a Zariya na dawo gida ina jiran ranar da za mu koma a ba mu digiri. Abu ɗaya nake so: in tsaya a gaban taron nan da farin agogon a hannuna, kuma ya zama shi ya ɗaura mini. Ban gaya wa kowa ba, amma Gwaggo ta gane. Ta hau jaki da tsufanta ta tafi Kebbe, ta dawo ta ba ni labarin yadda suka yi.

Ta ce masa, "Bube, yaron nan za a yi masa biki a Zariya. Ba ni agogon in kai masa."

"Yaya, kin san wanga agogo ba a aika shi. Mai so shi ka zuwa."

"Ya zo ya ce maka mi? Kai kuma ka dube shi ka ce masa mi?"

Ta ce sai ya shiga wasa da carbinsa. Can ya tambaye ta ko gyaɗarta ta yi kyau bana.

Na tafi Kebbe sallama. Na same shi a zaure da Maccido. Na durƙusa na gaishe su, na ce na zo ne in yi ban kwana. Maccido ya dube ni ya dubi Baba.

"To, ga ango ya zo ba amarya. Bube, ina adakar taka?"

Baba ya miƙe ya ce akwai saniyar da ke ɗingishi, zai je ya duba. Na daɗe zaune. Maccido ya yi ta ba ni labarin tsadar yadi har ya gaji. Da Baba ya dawo na sake durƙusawa, maganar tana bakina, amma ta ƙi fita. Ban taɓa roƙonsa kome ba a rayuwata, ban san ta inda ake farawa ba. Ya ce, yana kallon ƙofa, "Allah shi tsare hanya."

Ranar tafiyata ta dace da kasuwar Tambuwal. Na hau babbar motar da za ta Sakkwato, na sami wuri a gefe. Sai na hango shi yana ratso tasha cikin rigarsa ta Juma'a, shi da ba ya zuwa kasuwa sai da tsohuwar taguwa. Hannunsa na dama yana cikin aljihu, kuma bakin jan ƙyallen nan ya leƙo.

Tasha cike take da waɗanda suka san mu. Nan da nan aka kewaye shi. "Bube, barka da arziki! Ga ɗanka can zai zama babban mutum!" Ya ce shi wani mai shanu yake nema. Ya je wajen direba ya tambaye shi ko an gyara hanya gaba da Shagari. Ya ce masa, "Ka bi a hankali, da kayan mutane cikin motarka." Sannan ya zagayo ta gefen da nake, ya tsaya yana duba tayar mota kamar zai saya. Na sauko da hannuna ta tsakanin katako. Ya fito da nasa daga aljihu har rabi. Idanun mutane duk suna kanmu, wasu suna murmushi, suna jiran su ga abin da Bube zai yi da ɗan farinsa. Wani mutumin Sanyinna ya ƙwala masa kira a kan wani bijimi. Baba ya mayar da hannunsa aljihu, ya juya ya amsa. Direba ya tayar da mota.

Aka yi bikin, aka kira sunana, na karɓi takardata. Daga nan aka ba ni aiki a wata ma'aikata a Kaduna, aka ce in fara nan take, ban sami komawa gida ba. Da azumi ya kama, wani direban garinmu ya kawo mini saƙon Gwaggo da baki. Wai Baba ya ce, in na Tambaya zai zo Sallah, ya wuce zuwa Kebbe ya iso da sassafe kafin zaure ya cika. Na sa direban ya maimaita mini. Ranar ban iya aikin kome ba don murna.

Sai aka wayi gari da harbe-harbe a Kaduna, aka kashe manya, soja suka tsare hanyoyi. Ba zan bayyana wannan ba, kowa ya sani. Aka ce kada ma'aikaci ya bar gari. Na yi Sallah a ɗaki. Da aka sassauta na kama hanya.

A ƙofar gidan Gwaggo na tarar da tabarmin zaman makoki a shimfiɗe. Baba ya ƙetarar da shanun wani ta gulbi cikin sanyi, ya dawo da ciwon haƙarƙari, ya kwanta, bai ga Sallah ba. An yi ta neman wanda zai kawo mini labari, babu motar da ke zuwa Kaduna. Duk ƙasar tana cikin makoki, masu zuwa yi mana ta'aziyya ma sukan fara da Baba su ƙare da maganar Kaduna, suna tambayata abin da na gani.

Da aka zo rabon gado ƙannena suka ce a sa farin agogon cikin rabona. Na karɓa a naɗe ban buɗe ba. Da la'asar Maccido ya ja ni rumfarsa, ya ture yadin da ke kan benci ya ce in zauna. Ya tsufa ƙwarai cikin 'yan kwanakin nan.

"Ɗana, buɗe ka duba maɗaurin."

Na buɗe. Hudojin maɗaurin duk sun buɗe sun yi duhu saboda hannuwan angwaye. Can ciki, gaba da ta ƙarshe, akwai wata sabuwa, ƙarama, gefenta bai ko yi datti ba.

Maccido ya ce, "Ranar da motarku ta tashi, bai koma kara ba. Ya ja ni munka tafi wajen baduku. Baduku ya ce hannun wa za a auna, Bube ya ƙi faɗi. Sai ya haɗa babban yatsa da na tsakiya, ya matse, ya ce kamar haka. Baduku ya ce wanga ai hannun mai riƙon alƙalami na. Bube ya ce, kai dai huda. Da munka fito na ce masa, kai da ba ka taɓa riƙe hannun yaron nan ba, ina ka san kaurinai? Ya ce, Maccido, ai ina da ido."

Maccido ya share fuska da hannun riga. Ya ce tun daga ranar angwaye biyu sun zo aro, Baba ya ba su haƙuri ya ce an riga su. Bai taɓa hana kowa ba sai lokacin.

Agogon yana nan tare da ni. Kullum da safe ina murɗa shi kafin in tafi ofis, yana tafiya daidai. Wanda muke zama tebur ɗaya da shi ya ga hannuna babu kome, ya ce bai kamata ma'aikaci mai digiri ya rasa agogon fita taro ba, har ya kwatanta mini kantin da zan samu. Na ce masa ina da shi.

Ban ɗaura ba har yau. Sau da yawa nakan ɗora shi a tsintsiyar hannuna, in kama bakin maɗaurin, sai in kasa ja. Muddin ban gwada ba, akwai sauran magana ɗaya da Baba bai gama faɗa mini ba, kuma ita kaɗai ta rage.