Jitar da Na Kushe

A gidanmu ba a nuna son abu. Mu makiyaya ne daga wajen Tsaskiya, ko da yake noma ya cinye rabinmu, kuma abin da aka fara koya mini bayan tsarki shi ne kawar da kai. In an kawo fura kana jin yunwa kamar ka faɗi, ka ce ka ƙoshi, mai gida kuma ya san aikinsa, ba zai ɗauke ƙwaryar ba. In ka shiga kara sayen shanu ka ga san da ya kwanta maka a rai, ka ce ƙafarsa ta baya ba ta yi maka ba, ka koma kan wani kana shafa masa tozo. Ranar da Baffa, mahaifina, zai ba ni karsanata ta fari, ya zaga da ni garke. Duk na yaba, sai wata ja da na ce idonta ƙanana ne, kuma da gani za ta yi harbi. Washegari ita ya nuna da sanda ya ce tawa ce.

Da wannan tarbiyya na faɗa kiɗa. Wanda ya koya mini jitar bes, mai kaurin muryar nan da ƙirji ke ji kafin kunne, mutumin Batsari ne, ɗan gidan malamai. Da ƙuruciyarsa ya sulale Kaduna ya yi shekaru yana kiɗa, mahaifinsa kuma ya zaɓi kada ya tambayi sana'ar da yake yi. Da ya dawo ya haɗa 'yar ƙungiya ta bukukuwa, ni na zama inuwarsa. Yaya nake ce masa. A gidansu magana ɗaya ce tak. In aka ce maka bismilla ka ce ka ƙoshi, sai a ce madalla a ɗauke kwanon. Na sha wuni da yunwa a zauren nan, amma ban ɗauki darasi ba.

Da tsufa ya kama mahaifinsa, makarantar gidan ta faɗo kan Yaya. Ya kira ni ya ce ya ajiye kiɗa, kuma ba zai iya haɗa jita da alluna a rufi ɗaya ba, don ya san hannunsa. Bes biyu gare shi, masu tsadar gaske, kamfani ɗaya, suna ɗaya, sai dai ɗaya tsohuwar ƙira ce, ɗaya sabuwa. Ya ce in zo in zaɓi ɗaya kyauta. Wadda na bari za ta tafi wurin wani abokinsa na Kaduna da ya daɗe yana naci, wanda ya ce kowacce aka ba shi yana so.

Ni kuwa na san wadda nake so tun ranar da na fara ganinta. Tsohuwar.

Ya jera su a kan tabarma a shagonsa na bayan gida, ya jona akwatin sauti. Tsohuwar launin zuma ce, ana ganin zanen itacen, ga nauyi, in ka rataya ta yini guda kafaɗarka za ta ba ka labari. Wuyanta mai kauri ne, zagayayye, yana cika tafin hannu. Fentin bayan wuyan ya goge, har akwai wani ɗan lotsawa inda babban yatsan Yaya ya yi shekaru yana zama, nawa yatsan kuma da na ɗora sai ya faɗa ciki kamar an auna. Abin murɗawa uku ne kawai a jikinta: biyu na ƙarar sauti, ɗaya na kauri ko sirantaka. Ba batir, ba wayo. Ka ja tsirkiya ta amsa maka daga cikin ciki.

Sabuwar baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, an sassaƙe mata ƙugu don ta kwanta a jiki, ba ta da nauyi ko kaɗan. Wuyanta faffaɗa ne, siriri, hannu na gudu a kai. An ƙara mata tsirkiya ta biyar, wadda har yau ban san gaisuwar da zan yi mata ba. Abin murɗawa kuwa biyar, biyu daga ciki ma goye suke da wasu a kansu, ga makunni biyu, ga wani ɗan ɗaki a baya na batir. Kayan kirki ce, ba na musu. Amma kayan wani ce.

Na ɗauki tsohuwar, na ja mata layi biyu, zuciyata ta narke. Nan take na ajiye ta kamar ta ƙona ni. Na ce wannan ai sai mai dakon buhu. Na ce wuyanta kamar taɓarya. Na ce abin murɗawa uku a wannan zamani ai rowa ce, kuma fentin ya goge kamar kujerar tasha. Sannan na rungumi baƙar na shiga zuba mata kirari: ga sauƙi, ga santsi, ga makunnai kamar gaban jirgin sama. Na murɗa wannan na murɗa wancan ina gyaɗa kai, alhali ban san abin da ko ɗaya yake yi ba. Ko kallon tsohuwar ban sake yi ba, wanda a wurinmu ya kai mutum ya durƙusa yana roƙo.

Yaya dai yana zaune yana jan carbi. Ya ce, “To, na ji.” Ya ce zai aiko mini da ita in ya sami mota, don ba ya son a ɗaura ta a babur a hanyar nan. Na kama hanya tun kafin la'asar kamar yadda kowa ke yi yanzu saboda rashin tsaro, ina bayan ɗan acaɓa ina yaba wa kaina. Ban taɓa yin kushe mai kyau irin na ranar ba. Da Baffa ya gani da ya sa mini albarka.

Ranar kasuwa a-kori-kura ta sauke mini akwati a Safana, inda nake zaune. Na kai shi ɗaki, na wanke hannu, na buɗe. Baƙar ce, tana ƙyalli, har da sabon ƙyalle na goge ta.

Haushin da na ji ba a magana. Mutum ya zauna da kai shekara da shekaru, ka kushe abu a gabansa da dukan ƙarfinka, amma ya kasa gane kana so? Me kuma ya rage in yi, in yi kuka? Na ce bari in ba ta dama. Na tafi da ita wani biki nan cikin gari. Ana tsakiyar rawa, uwar ango ta shigo fili ana mata liƙi, sai bes ta yi tsit. Batir ya mutu. Ba kuma irin na tocila ba ne, wani ɗan murabba'i ne mai kai biyu, wanda aka zaga shagunan Safana kaf ba wanda ya taɓa ganinsa. Na ƙarasa bikin ina motsa yatsu a kan tsirkiya ba sauti, mai fiyano yana cike mini gurbi da hannun hagu yana harara ta.

Sai na shirya na koma Batsari. Wannan karon gaskiya zan faɗa, ko ya ce a yi musanya. Na tarar da Yaya a zaure ya sallami ɗalibai. Bayan doguwar gaisuwa, na tambayi jikin Malam, mahaifinsa, ya tambayi shanu da damina, na shiga zayyana laifin baƙar. Wuyan ba ya cika hannu. Tsirkiya ta biyar tana shiga mini hanci. Makunnan sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ga abin da batir ya yi mini a gaban uwar ango.

Ina magana yana murmushi, har ya kai ga dariya. Ashe ya haɗu da Baffa a kasuwar Batsari, Baffa ya yi masa godiyar kyauta, hira ta kai su ga jar karsana.

“Kushe ta da kyau, ƙanena,” in ji shi. “Baffa ya faɗa mini halinku. Ya ce in ka ji yaron nan na aibata abu, to ya mutu a kansa. Alhamdu lillahi, ashe ta shiga ranka.”

Ya ci gaba da dariya, sai kuma na ga dariyar tana raguwa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallona.

“Ranar nan,” ya ce a hankali. “Tsohuwar?”

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ko a wannan lokacin, abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, “Nauyi gare ta.”

Ya dafe goshi. Ya ce ta tafi Kaduna tun satin da ya wuce. Ya ce ita ya so in ɗauka, don ita ce ta san hannunsa, kuma yana so in ya ji ana kiɗa daga nesa ya san muryarta ce. Da na ce wuyanta kamar taɓarya, abin ya sosa masa rai ƙwarai, amma ya ga ba daidai ba ne ya ɗora mini kayan da na raina. Nan ya ɗauki waya ya kira mutumin Kaduna ya sa a fili ina ji. Shi wannan bawan Allah bai san kawar da kai ba. Ya yabi wuyan, ya yabi muryar, ya yabi har lotsawar yatsan, ya ce ko gidansa aka ce ya bayar ko ita, sai ya yi shawara. Yaya bai ma iya kawo maganar musanya ba, ya yi masa sallama ya ajiye wayar.

Har yanzu baƙar nake kaɗawa. Na san aikin uku daga cikin abubuwan murɗawarta, sauran na bar su inda Yaya ya bar su, batir kuma daga Katsina nake sa a sayo mini bibbiyu. Babban yatsana dai bai daina laluben ramin nan a bayan wuya ba, kuma duk ranar da ya lalubo santsi sai raina ya ɓaci.

A ranar kuwa, bayan ya ajiye wayar, muna nan zaune a zauren. Can aka kawo tuwo daga cikin gida, Yaya ya buɗe kwano ya ce bismilla. Na ce na ƙoshi. Ya miƙa hannu zai ɗauke kamar kullum, sai ya tsaya. Ya turo kwanon gabana, ya ƙara matso da miyar, ya tashi ya fita don kada in ji kunyar ci.