Sai Gwaggo Tela Ta Fara Kalla

Duk layin sun san Gwaggo Tela da abu biyu: iya ɗinki da tsoro. Idan ka kawo mata yadi, ko ba ta auna ka ba sai rigar ta zauna maka kamar a jikinka aka yanka ta. Amma ƙadangare ya faɗo daga katanga, sai ta yar da abin da ke hannunta ta yi ɗaki. Ba ta tsallaka titi sai ta samu wanda za ta bi bayansa. Fim kuwa ba ta kallo sam. Sau ɗaya mijinta ya taɓa kai ta sinima suna sabon aure, aka nuno wani yana bin wata da gudu, ta fice ta bar takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Shekara da shekaru yana ba 'ya'yansu labarin takalmin nan, kullum yana ƙara masa gishiri.

Mijin direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin a kan hanya, yakan yi mako biyu bai kwana gida ba, ya dawo yana warin mai da ƙura, murya kamar ta mutum uku. Ita ta riƙe gidan da keken ɗinkinta har yara biyar suka girma suka watse. Da ya ajiye tuƙi ta ɗauka hutu ya zo. Ba a yi shekara uku ba ya fara mantuwa. Ya sha shayi, ya ajiye kofi, ya tambaya ko yau ba za a ba shi shayi ba ne. Ran nan ya kira autarsu da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Autar, wadda take aiki a wani kantin magani, ta kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa.

Abin da ya fi wahala shi ne bayan azahar. Sai ya miƙe ya sa takalmi ya ce kaya na jiransa a tasha. Ba ya jin rarrashi, kuma har lokacin da ƙarfinsa. Abu ɗaya aka gano yana zaunar da shi: talabijin. Idan aka kunna, yakan zauna a kujerarsa ta falo ya zuba ido har yamma, ita kuma ta samu ta taka kekenta a ƙaramin ɗakin da ke gefe.

Wata Laraba babban ɗansu ya zo da filashi cike da fina-finai, ya ce abokinsa ne ya tura masa, duk na ban dariya ne. Ya maƙala a talabijin ya kunna na farko, ya ga tsohon yana murmushi, ya tafi wurin aikinsa.

Gwaggo Tela tana haɗa hannun wata riga ta ji an murza mukullin ƙofar falo. Ta leƙo. Maigidan na tsaye ya jingina bayansa da ƙofa, a hannunsa akwai babban almakashinta na yanka yadi, wanda ta bari a kan tebur. A talabijin wasu mutane uku da fuska a rufe sun ɓalle ƙofar wani gida suna jan wata mata a ƙasa tana ihu.

“Sun shigo,” ya ce da ita ƙasa-ƙasa. “Kada ki yi motsi.”

Ta buɗe baki za ta ce masa fim ne, bai ba ta dama ba. Ya kamo hannunta da ƙarfin da ta manta yana da shi, ya tura ta bayan labule, ya tsaya a gabanta yana haki, almakashi a ɗage. Rimot na can kan kujera, tsakaninta da shi taku biyar, amma maigidan ya tare hanya.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Maƙwabciyarta ce, mai rigar da take ɗinkawa, ta zo gwaji. Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, ta taɓa hannun ƙofar. Tsohon ya juya ya nufi wajen a hankali, ya sa hannun hagu a kan mukulli. Gwaggo Tela ta ga abin da zai faru kamar ya riga ya faru. Ba ta san daga ina muryar ta zo ba, ta dai ji kanta tana cewa maƙwabciyar ta koma gida, ta koma yanzu, kada ta tsaya. Da ya waiwayo don jin muryarta, ta rarrafa ta fizge wayar talabijin daga bango. Ɗakin ya yi tsit.

Ya daɗe yana kallon baƙin gilashin. Sannan ya tambaye ta ina suka kai matar. Ta ce 'yan sanda sun zo sun ƙwace ta, tana gidan iyayenta lafiya lau. Ya miƙa mata almakashin kamar wanda aka ba ajiya, ya zauna. Ita kuwa sai da ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin bokiti. Kwana uku yana tambayar matar nan.

Yaran suka taru suka ce a cire talabijin. Aka cire. A rana ta huɗu ta shiga kicin ta sauke tukunya, ta fito ba ya nan. Tun daga azahar ake nema, sai gab da faɗuwar rana wani makanike ya kawo shi a babur, ya ce a bakin babban titi ya gan shi yana ƙoƙarin buɗe ƙofar wata motar da ba tasa ba. Washegari aka mayar da talabijin wurinsa.

Likita ya yi musu bayani cewa tsohon ba ya iya raba abin da ke cikin gilashi da abin da ke cikin ɗaki, don haka a riƙa sa masa abu mai sanyi. Faɗa da baki ba wuya. Tashoshi ba su da tabbas, ana cikin waƙa sai a yanko labarin gobara. Gwaggo Tela ta ɗauki filashin ta bi bayan wata mata ta tsallaka titi, ta je shagon mai tura fina-finai, wani mutum mai furfura a gemu da ke zaune gaban kwamfuta tsakanin mai gyaran waya da mai aski. Ta ce tana son fim marar tashin hankali. Ya ce ai duk nasa masu kyau ne, ya tura mata ɗaya na soyayya. Rabinsa aka yi lafiya, sai uwar yarinyar ta mutu aka ɗauko gawa. Tsohon ya yi ta kuka kamar yaro, ya ce don me ba a gaya masa innarsa ta rasu ba.

Ran nan ta gane babu wanda zai yi mata wannan aikin. Yaran na da nasu hidimomin, mai shago kuma bai san abin da take gudu ba. Ta sa auta ta koya mata kallo a waya da abin sawa a kunne. Da safe, idan maigidan ya sha magani barci ya ɗauke shi, sai ta zauna a kan kujerar kekenta, ta kalli fim ɗin da za a sa masa tun daga farko har ƙarshe.

Makon farko ta sha wuya. Takan riƙe wayar nesa da fuskarta kamar za ta cije ta. Wani lokaci ta kifa ta a cinya, sai ta tuna idan ba ta gani ba shi zai gani, ta sake ɗagawa tana addu'a. Akwai wanda ta kalla aka nuna hannu yana fitowa daga ƙarƙashin gado, ta yi kwana biyar tana share ɗaki ba ta kai tsintsiya ƙarƙashin nasu gadon.

A hankali ta fara gane kansu. Hoton da ake sawa a gaban fim maƙaryaci ne, mutane biyu na murmushi amma a ciki ana yanka. Kiɗa ya fi hoto gaskiya: idan ya yi ƙasa ya fara jan ƙafa, to wani abu na tafe. Idan aka daɗe ana nuna ƙofa a rufe, ko aka bi mutum ta baya yana tafiya shi kaɗai, ba alheri ba ne. Na ban dariya ma ba duka ba, don wasu dariyarsu mari ce da ihu da guje-guje, shi kuwa maigidan ihu ihu ne a wurinsa. Na dabbobi yana so, amma sai ta tabbatar babu inda zaki zai kama barewa. Wanda ya fi kwantar masa da rai shi ne inda mutane ke aikinsu: ana gini, ana kamun kifi, ana koyar da yara a aji, ana hira a kan tebur ba a ɗaga murya.

A bayan littafin da take rubuta awon mutane ta buɗe shafi. Ba ta iya karanta sunayen wasu fina-finan, sai ta raɗa musu nata: na mai jar hula, na tsohuwa da akuya, na masu jirgin ruwa. A gaban kowanne ta rubuta minti nawa za a tsallake. Cikin goma da ƙyar take samun biyu. Mai shago da farko yana mata dariya, yana cewa Gwaggo ta fi hukumar tace fina-finai tsanani. Da ta ba shi labarin almakashi ya daina. Ya koma idan sabo ya zo yakan ce mata, “Wannan ba na Baba ba ne, kada ma ki wahalar da idonki.”

Duk da haka sau ɗaya abin ya kuɓuce mata. Wani fim ne na wani mutum da ke kai kayan lambu gari-gari a motarsa, ta ji daɗinsa ƙwarai don ta san maigidan zai so ganin hanya. Tana cikin kallonsa da safe aka kawo ɗinki, ta ajiye wayar ba ta tsayar ba, da ta dawo ta ci gaba daga inda ta same shi. Minti shida suka wuce ba ta gani ba.

Da rana ta sa masa, ta zauna kusa da shi tana ɗinka maɓalli. Sai ga motar a kan gangaren dutse, birki ya ƙi. Tsohon ya miƙa hannu biyu ya kama sitiyarin da babu shi, ƙafarsa ta dama na dukan ƙasa, gumi ya keto masa. Ta lalubi rimot, ya faɗa bayan kujera. Ta tashi za ta cire wayar talabijin, ya daka mata tsawa ta zauna kada ta faɗa waje. Jijiyar wuyansa ta tashi, numfashinsa na fita da ƙyar, ta tuna likita ya ce hawan jininsa ba ya son firgita. Idan ta kashe yanzu, a ransa motar tana kan gangare har abada.

Ta koma ta zauna, ta dafa gwiwarsa. Shekara talatin tana jin hirar direbobi a ƙofar gidanta, ba ta san ta riƙe komai ba.

“Direba, sauke giya,” ta ce. “Hanya a buɗe take, babu kowa a gaba.”

“Kaya sun yi nauyi.”

“Ka sauko zuwa giyar da ke ƙasa da wannan. Bi gefen dutse, a hankali.”

Ya ja giyar da hannun dama, ya karkata kafaɗa. A gilashi motar ta gogi jikin dutse, ta yi ta tafiya tana ƙara, ta je ta tsaya cikin yashi. Ya saki sitiyarin, ya jingina, ya share fuska da hularsa. Ya dube ta ya ce ta sauka ta sa wa taya dutse. Ta tashi ta zagaya bayan kujera, ta tsugunna ta ɗauko rimot. Tun daga ranar, ko sallama aka yi sai ta tsayar da fim kafin ta amsa, in kuwa ta yi shakka ta koma farko.

Labari ya bazu a layin. Mata suka fara zuwa da ɗinki suna tambayar wanne za su sa wa yara ranar hutu, wanne za a kalla da suruka a ɗaki ba a ji kunya ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ke kula da tsofaffi ta zo ta kwafe shafin nan gaba ɗaya da hannunta. Mai shago ya ware wuri guda a kwamfutarsa ya tara waɗanda ta amince da su, masu zuwa sukan ce a tura musu na Gwaggo.

Yau shekara huɗu ke nan. Tsohon ya daina neman takalminsa, ƙafafun sun yi rauni, magana ma ta ragu. Fina-finai uku kawai yake kallo yanzu, kuma kullum sababbi ne a wurinsa. Auta ta ce wa uwar ta huta haka nan, tunda ukun sun isa. Ta ce to. Amma ranar Asabar da ta wuce an ga Gwaggo Tela a bakin titi da filashi a ƙulle a bakin mayafi, tana jiran wanda za ta bi bayansa. Jikarta ce za ta zo hutu, yarinyar kuma an ce ba ta son duhu.