Saniyar da Aka Tsallake

Ina da uwa biyu. Wadda ta haife ni Bahaushiya ce ta wani ƙauye kusa da Cadakori, wadda ta shayar da ni kuma Bafillatana ce mai ruga a bayan gonarmu. Ciwon nono ya kama mahaifiyata ina jaririya, sai Inna, matar makiyayin da shanunsa ke zuba mana taki duk kaka, ta ɗauke ni ta haɗa da ɗanta da ya girme ni da 'yan watanni. Nono ɗaya muka sha. Hamma nake ce masa, yadda ƙannensa ke kiran sa, wato yaya. Tun muna yara duk wanda ya ce ba ɗan'uwana ba ne sai mun kwashi ƙasa da shi.

A garinmu mai 'yar saniya ba ya ɗaure ta a gida, Fulani yake ba wa kiwo. Don kada a yi ruɗani, kowane gida yana da lalas ɗinsa, shaidar da ake yi wa saniya da ƙarfe mai zafi a cinya. Su Inna ba sa lalas, tsaga ce suke yi a kunnen hagu. Yaron da bai iya wanke hancinsa ba ma a garin zai hango garke ya gaya maka wannan ta gidan wane ce. Ni ma ina da jar saniya a hannun Hamma, wadda mahaifina ya ba ni da na fara koyarwa.

Ina cikin aji a lakol, wato makarantar da nake aiki a Gidan Rumji aka kira ni a waya. Wasu samarin garinmu sun tare Hamma da rana tsaka a bakin tabki, sun faɗa wa garken da adduna suna sare wa shanu agara. Saniyar da aka sare wa agara ta gama yawo, sai wuƙa. Da ya shiga tsakani ya ɗaga hannu, suka sauke masa adda a hannun dama. Na tarar da shi a likita, an naɗe hannun ya yi kamar taɓarya. Bai yi kuka ba. Ni na yi, kuma ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne da na rasa wanda zan shaƙe.

Na tambaye shi abin da suka ce. Ya juya fuska bango ya ce, "Sun ce irinmu ba ya sake kwana ƙasag ga."

Wanda ya ja gaba ɗan kawuna ne, taubashina, wanda muka tashi muna tsokanar juna. Da na isa gida washegari na same shi zaune a ƙofar gidanmu yana ɓare gyaɗa, hankalinsa kwance, don dattawa sun riga sun fara maganar sulhu. Yana ganina ya washe baki.

"Taubashiya, ke dai gode mani za ki yi. Jar taki mun tsallake ta, ko ƙwarzane babu."

Akwai tukunyar ruwan tuwo a kan murhu tana tafasa. Wallahi ita na nufa. Mahaifiyata ce ta riƙe mini zane ta baya tana salati, ta ja ni ɗaki ta tura ƙyaure. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Ina tunanin rumbunsa, ina tunanin ashana. Ina salla ina roƙon Allah Ya shanye masa hannu yana ji yana gani, ban kuma ji kunyar roƙon ba.

Tun da an zubar da jini, jandarma suka zo suka kwashe samarin, magana ta fita daga hannun maigari. Amma garin ya riga ya haɗa baki a kan labari ɗaya. Wai shanun sun shiga gonar wake, zuciya ta ɗebi yara, idonsu ya rufe, suka sari abin da ke gabansu. Faɗan gona ne irin na kowace shekara. Zancen a kori Fulani kuwa, babu wanda ya ji. Na san inda aka dosa. Idan alƙali ya karɓi wannan labari, za a ɗan ja musu kunne, kafin damina su dawo suna yawo a kan moto, Hamma kuma ya zauna da nakasasshen hannu a ce tsautsayi ne. Bakinsa ɗaya, nasu ya fi a ƙirga.

Aka ce in je Maradi in ga mai gabatar da ƙara, wanda zai tsaya gaban alƙali a madadin hukuma. Na shiga buronsa, wato ofishinsa, ina tsammanin zan ga ƙato mai tsawa. Sai na tarar da wani siririn mutum mai furfura a gemu, yana magana kamar wanda bai karya ba. Na ce a raina, shi ke nan, an kashe mu. Ya hau yi mini tambayoyin da suka ƙara tunzura ni. Wa ke ba da kiwo? Wa ke karɓa? Tabkin yana gabas da gonar ko yamma? Ni ina maganar hannun mutum, shi yana maganar tabki.

Na buga tebur na ce, "Ranka shi daɗe, kai ba ka san mutanen nan ba! Wanda yay yi abin nan har ba'a shika mani, wai in gode mashi ya tsallake tawa!"

Ya ɗago kai. Karon farko ke nan da ya dube ni sosai.

"Malama, sake faɗi. Ya tsallake mi?"

Na sake faɗi. Ya tambaye ni yadda aka yi taubashina ya gane tawa a cikin garke, na ba shi labarin lalas da tsagar kunne. Sai ya miƙo mini ruwa ya ce in sha. Na fito ina zaginsa a zuci.

Ba a yi mako ba sai ga shi a rugar su Inna tare da jandarma, ƙafar wandonsa duk ƙarangiya. Fatun shanun da aka yanka suna nan a shanye, an kafe su da turaku. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa, yana shafa wajen cinya. Babu mai lalas ko ɗaya. Sannan ya sa aka koro sauran garken. Shanun mutanen gari suna nan cif, suna tuƙa, har da jar tawa, har da farar saniyar kawu. Ya sa aka ɗauki hoton kowace. Inna ta kawo masa nono a ƙwarya, ya yi godiya ya ce aikinsa ya hana shi sha sai an gama shari'a. Na ga rainin wayo ne a lokacin. Daga baya na gane ba ya son a sami abin faɗa a kansa.

Kafin ranar shari'a kawu ya aiko, ya sake aikowa, daga ƙarshe ya zo da kansa. Ya ce, "Ɗiyata, jini ɗaya ku ke da yaron nan. Kina iya tsayawa gaban mutane ki tona mashi asiri don bare?"

Na ce, "Kawu, nonon baren nan shi ya rayar da ni. Da ba don shi ba da ba ka da ɗiyar da za ka roƙa."

Ranar shari'a ɗakin ya cika, mutanen garinmu gefe guda, su Inna 'yan kaɗan a ɗaya gefen. Na ratsa na zauna kusa da Inna, ina jin idanu suna cin bayana. Taubashina ya maimaita labarinsu tsaf, kamar ɗan aji mai hadda. Mai gabatar da ƙara ya miƙe cikin baƙar rigarsa, ya yi tambayoyinsa da Hausa a hankali, da muryar nan tasa ta marar lafiya.

"Shanun duka sunka shiga gonar?"

"Duka."

"Har da farar saniyar mahaifinka?"

"Har da ita."

"Ita ba ta ci wake ba? Ko azumi ta ka yi?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, alƙali ya buga tebur.

"Ka ce zuciya ta ruhe maka ido, kana sara ba ka gani."

"Haka ne."

"To wa ya buɗe maka shi ka duba lalas? Ku duka idonku a ruhe, amma ko adda guda ba ta yi kuskure ta taɓa saniyar ɗan gari ba?"

Taubashina ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa. Daɗin da na ji a lokacin nan ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena. Aka kira ni, na tashi na faɗi abin da ya gaya mini a ƙofar gidanmu, kalma da kalma, ina kallon tsakiyar idonsa. Matar kawu ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu aka fitar da ita.

Da mai gabatar da ƙara ya zo rufe bayaninsa bai ɗaga murya ba. Ya ce wa alƙali shanun nan ba don abin da suka ci aka sare su ba, don mai su aka sare su. Hannun ma haka. Ya ce mutumin da ya tsaya ya tantance ba zuciya ce ta ɗebe shi ba, ƙiyayya ce ya taho da ita daga gida, ya roƙi a hukunta ta da sunanta. Aka yanke musu shekaru a gidan kaso, taubashina ya fi kowa. Sun fi abin da garin ya zata, ba su kai abin da nake so ba. Na je in yi wa mutumin godiya, na tarar har ya shiga wata shari'ar.

Hannun Hamma bai koma ba. Yatsun sun ƙanƙance sun bushe, ba ya iya kama hantsar saniya. Da aka gama girbi su Inna suka kwance ruga. Ta mayar wa kowa da dabbarsa, ta jawo jar saniyata da kanta har ƙofar gidanmu. Na roƙe ta ta tafi da ita, na ce na ba Hamma halak malak. Ta ce, "A'a, ɗiyata. Kullum ya dube ta zai tuna ita anka bari." Ta shafa kaina ta juya. Suka yi arewa, gonarmu ba ta sake ganin taki ba.

Da na ji an maido taubashina gidan kason da ke kusa da mu, na sa aka daka mini gero aka kirɓa fura mai kyau, ta sha kayan yaji. Na zuba a kwano na tafi ranar ziyara. Ya fito ya rame, ya yi baƙi. Da ya ga ni ce, ya ga kwano, fuskarsa ta saki, ya ɗauka an huce. Ya buɗe ya leƙa, tsohon halin ya motsa.

"Taubashiya, har yau rowan nan taki na nan? Ina nonon?"

Na ce, "Shanun da ke ba da nono ka sare su. Mai tatsa ka sare shi. Dama da ruwa ka sha."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Yunwar wurin ba ta bar mutum ya yi fushi, sai ya ɗebo ruwa a moɗa ya dama da hannunsa na dama, lafiyayye, ya kafa kai. Na tsaya a kansa har ya shanye, na karɓi kwanona na fito.

Duk wata nake zuwa, ban taɓa fashi ba, kuma ban taɓa kai nono ba. Matan garinmu da suka daina gaishe ni sun dawo suna gaishe ni. Wai duk abin da ya faru, Malama ba ta yar da zumunci ba.