Zuwa Tamale Duba Idon Baba Fuseini

Daga Ankara

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ko shayi ban sha ba. Ni ne jami'in kuɗi a ofishin jakadancinmu da ke Ankara, babban birnin Gana: albashi, haya, kuɗin asibitin ma'aikata, duk a wuyana suke. Direbanmu Baba Fuseini ya tafi garinsu Tamale jinyar ido, wata shida ke nan. Sai hedikwata daga gida ta fara ƙorafi, wai ana biyan wanda ba ya aiki. Aka ce in je in gani da idona. In zai iya tuƙi, ya dawo. In ba zai iya ba, a sallame shi. Ranar da aka sallame shi kuwa, ranar ofis zai daina biyan asibitinsa, ga shi sai wata mai zuwa za a yi masa aikin idon.

Babbar bas na hau, don an ce babu kuɗin jirgi. Ni da ke riƙe da asusun, wa zan yi wa gardama?

Kumasi zuwa Kintampo

Mun keta Kumasi da hantsi cikin cunkoso mai sa mutum ya tsani mota. A Kintampo aka tsaya salla, na sayi wake da shinkafa na sidi ashirin, kuɗin ƙasar, na ci rabi na ture. Gaba da gadar Buipe jami'an shige da fice suka tare mu. Ɗaya ya juya katina na aiki, ya ce da Hausarsu, inda "Masa" ke nufin maigida, "Masa, babban mutum kamar kai cikin bas?"

Na ce, "Girman a kati ya tsaya."

Tamale

Bayan la'asar sakaliya muka shiga. Na kama ɗaki a wani masauki a Kanvili, fanka na kuka, famfo ba ruwa. Da safe na hau keken nan da suke kira yalo-yalo zuwa Nyohini, unguwar su Baba Fuseini.

Na tarar da Baba Fuseini zaune a ƙofar gida cikin farin kayan aikinsa, an goge su tas. Mutumin nan shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara zuwa ƙasar, shi ya kai matata asibiti haihuwar autarmu. Na yi sallama, ya miƙe da fara'a, ya miƙa hannu. Sai dai hannun ya wuce ta gefena, wajen da babu kowa. Na yi maza na kamo shi. Nan na gane idon bai warke ba.

A can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa ya ci abinci. Matarsa Mma Azara ta kawo tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, an yanka mini zabo. Muna ci tana tura masa kwanon a hankali duk sanda hannunsa ya kauce, ba ta ko kallona.

Da muka wanke hannu ya ce, "Masa, ka gani na warke. Ga motar maƙwabcina can, zo in zagaya da kai kasuwa."

Na ce, "Baba, zauna."

Ya zauna, ya ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Ka ja ƙafa kawai. Wata ɗaya. Likita ya ce in an yi aikin, idon dama zai dawo. Matana bai san ana maganar sallama ba."

Mma Azara yake nufi, Hausar can ba ta raba mace da namiji. Na ce masa rahoton a hannuna yake, kuma ba zan yi gaggawa ba. Da zuciya ɗaya na faɗa. Ai wanda ya yi shekaru yana bin fayil ya san yadda ake sa shi barci.

Komawa

Washegari na kamo hanya. Tun daga Yapei har Techiman ina tsara dabara: in ce sai an nemo takardar likita, in ce sai jakada ya dawo daga hutu. Taya ta fashe mana kusa da Nkawkaw, muka yi awa biyu a bakin titi, ban ma ji haushi ba.

Da safen Litinin na shiga ofis, na kunna kwamfuta. Sunan Baba Fuseini babu shi a jerin masu albashi. Na kira hedikwata. Wani yaro da bai taɓa taka Gana ba ya ce sabon tsari ne, duk wanda hutun jinyarsa ya cika wata shida, na'ura da kanta take cire shi, tun ranar Juma'a. Wato ina cin zabon nan an riga an gama. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ya ce in rubuto koke, kwamiti zai zauna bayan wata uku.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mutanen Nyohini da suka karɓe ni fiye da yadda na cancanta.

Da azahar wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Masa, ka sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Na buɗe baki in ci gaba, maganar ta ƙi fita. Ya jira ni har ya gaji, sannan ya ce, "To, na ji. Kada ka kira Azara. Ni zan faɗa masa."