Labarin Madam Fanna da na kai Guna

Yau da safe ina gidan rediyo, ina shirin shiga ɗakin watsa labarai, saƙo ya faɗo a gurup ɗinmu na tsofaffin 'yan lise, wato babbar sakandare. Hoton Madam Fanna ne, an rubuta a ƙasansa wai ta rasu bayan sallar asuba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu an yi magariba, sai yanzu na samu na zauna. In kun ga rubutun ya karkace ku yi mini uzuri.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Madam Fanna ita ce ta koya mana filo, wato falsafa, a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. Doguwar mace, mai tabarau, mai tafiya kamar ana jiran ta a wani wuri. Mun ji tsoronta kafin mu so ta.

A ajinta ba ka isa ka ce “an ce” ka zauna lafiya ba. Sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube ka, ta ce, “Wa ya ce? A ina ya ce? Shi kuma wa ya gaya masa?”

Ta raba mana sani gida uku: abin da ido ya gani, abin da kunne ya ji daga bakin wani, da abin da zuciya ta zata. Ta ce dukansu suna da amfani, ba wanda za ka rayu ba shi. Laifin kawai shi ne ka ɗauko ɗaya ka sa masa rigar ɗan'uwansa.

Da ta zo koya mana yadda saƙo ke tafiya daga mai aikowa, ya bi hanya, ya isa ga mai karɓa, ba littafi ta buɗe ba. Labarin gidansu ta ba mu.

Kakan kakanta manzo ne a fadar Damagaram, zamanin da ake gina ganuwar Birni. Wata rana yana dawowa daga aike ya haɗu da ayari a bakin rijiya. Suka ce masa wani falke ɗan Birni ya mutu a hanyar Agadas, har suka nuna masa raƙumin mutumin da takobinsa. Ya shigo gari ya faɗa da bakin fada. Wa zai musa wa manzon sarki? Matan falken suka yi takaba, aka raba gidansa da gonakinsa. Bayan damina sai ga mutum ya shigo gari da ƙafarsa, ramamme. Ciwo ne ya kayar da shi, abokan tafiya suka bar shi a wani zango suna zaton ba zai kwana ba.

Manzon bai yi ƙarya ba, in ji Madam. Ya ga raƙumi, ya ga takobi, ya ji magana. Fuskar ce bai gani ba.

Tun daga nan ya rantse, zuriyarsa kuma ta riƙe: a gidansu ba a kai labarin mutuwa, ba a kuma karɓarsa, sai daga bakin wanda ya ga fuskar mamacin da idonsa.

Mu a lokacin dariya muka yi. Muka ce yanzu ai ga salula. Ta ce, “Babana yana ƙauyenmu Guna, ku je ku gwada shi da salularku.”

Ba filo kaɗai na ci a hannunta ba. Shekarar da zan yi bak, jarrabawar gama lise, gidanmu ba wuta, ga ƙanne sun cika ɗaki. Ta ce in riƙa zuwa nata gidan in yi karatu. Kullum sai ta turo mini kwanon tuwo ta ce, “Ci, kai marar abinci ba ya gardama mai kyau.”

Ranar da na fara karanta labarai a rediyo, na fito ina jin kaina a sama, sai na gan ta a bakin ƙofa cikin rana, ta zo takanas. Ta rungume ni, sannan ta raɗa mini, “Muryarki ta yi daɗi, Rabi. Amma wannan Malam An-ce da kike ta ambata, ina son in san gidansu.”

Ganina da ita na ƙarshe makon jiya ne a kasuwa, tana zaɓar wa babanta goro. Ta ce idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ta ce, “Abin da nake tsoro, wata rana a kira ni a waya a ce Baba ya tafi, in rasa yadda zan yi da kaina.” Na ce Allah ya ja da ransa. Ko a mafarki ban kawo cewa ita ce za ta riga shi ba.

To, da na ga saƙon nan na bar wa abokin aikina shirin, na hau babur ɗin kabu-kabu sai gidanta a unguwar Birni.

Na tarar da ƙofar gida cike da maza. Mijinta, Malam Isufu, yana zaune a zaure, ana yi masa gaisuwa yana amsawa kamar ba da shi ake ba. Hawan jini ne, ta faɗi a kan abin salla, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa.

Na tambaya, an gaya wa mahaifinta, Baba Kiyari?

 Ƙanen Malam Isufu ya ce sun kira wani maƙwabcinsa a Guna, mutumin ya ce shi ba zai tunkari tsohon da labarin waya ba, ko ya faɗa ma ba zai taso ba. Ƙanen Madam guda ɗaya yana Agadas wurin aiki. Liman kuma ya ce da zafin nan na bazara ba za a wuce la'asar ba.

Ma'ana, in ba wanda ya ga fuskarta ya je Guna ya dawo da tsohon kafin la'asar, za a binne Madam babu mahaifinta a sahu.

Maza suna da aikin kabari. Ni ba ni da aikin komai. Na ce zan je.

Na shiga cikin gida. An riga an yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an ɗaure. Hajiya Mariyama, yayar Malam Isufu, ita ke tsaye a kan komai. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce, “Hajiya, don Allah a buɗe mini fuskarta in gani. Guna za ni.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

“An gama, an ɗaure. Ba za a kwance baiwar Allah ba saboda wata al'adar ƙauye.”

“Hajiya, Baba ba zai taso ba in ban gani ba.”

“To ki ce masa kin gani mana! Ga ta nan a gabanki. Mu da muka wanke ta da hannunmu ƙarya za mu yi miki? Ke 'yar nan, lokaci na tafiya.”

Wallahi maganarta ta shige ni. Ba ƙarya take ba. Ni kaina ba na shakkar cewa Madam ce a cikin farin ƙyallen nan. Ga 'ya'yanta na kuka, ga tabaranta a kan taga. In na ce wa makahon tsoho na gani, ba wanda zai taɓa kama ni.

Amma abin da idona ya gani farin ƙyalle ne. Sauran duk ji na yi. Kuma matar da ke kwance a nan ta ƙare ƙuruciyarta tana koya mana bambancin biyun.

Kun san ni da baki. Na ji wata magana mai zafi ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, don gidan makoki ne. Na ce, “Hajiya, ki yafe mini. Zan iya zuwa in ce masa na ji. Amma ba zan ce na gani ba.”

Mata suka fara ƙananan maganganu. Wata ta ce 'yan boko ba su da ta ido. Hajiya ta ce in fita in ba su wuri. Ban fita ba, ban kuma matsa ba. Ina durƙushe, ina jin yadda rana ke hawa a bayana.

Sai muka ji muryar Malam Isufu daga bakin labule.

“Yaya, a buɗe mata. Da Fanna na iya magana, abin da za ta ce ke nan.”

 Hajiya ta sunkuya da kanta ta kwance ɗaurin kai.

Na gani.

Ita ce. Fuskarta a sake, kamar ta gama gyara takardun jarrabawa ta ɗan kishingiɗa. Gurbin tabarau yana nan a kan hancinta. A nan ne na yi kukan farko, ba lokacin da na ga hoto a waya ba.

Direban gidan rediyonmu, Malam Ali, ya zo da mota. Muka kama hanya ana kiran azahar. Waya ta yi ta ƙara a jakata, mutane na tambaya da gaske ne, wasu na turo mini hotonta kamar ni ce ban sani ba. Da muka sauka daga kwalta motar ta kafe a rairayi. Na fito na tura da ni da wasu masu amalanke, zanena duk ƙasa. Ina turawa ina duban inuwar motar, ina ganin ta fara tsawo.

Muna shiga Guna na gane duk garin ya sani. Samari a gindin bishiya kowa da waya a hannu, suka sunkuyar da kai da muka wuce. A cikin gidan ba ƙarar turmi, ba muryar yara. Matar ƙanen Madam ta tare ni a tsakar gida, idonta jawur, ta nuna mini inda yake da haɓa.

Baba Kiyari yana zaune a kan tabarma a inuwar bishiyar bedi. Sanye yake da farar rigarsa ta Juma'a, alhali yau ba Juma'a ba ce. Sandarsa da takalmansa suna ajiye kusa da hannunsa.

Na cire takalmi na yi sallama.

“Wace ce?”

“Rabi ce, Baba. Ɗalibar Madam Fanna.”

“Mai magana a rediyo. Zauna, 'yata.”

Na zauna a ƙasa. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

“Tun hantsi garin nan ke gaishe ni da taushin murya. Surukata ta kawo mini fura, ba ta yi mini faɗan shan magani ba. Jikokina an kwashe su an kai maƙwabta. Ni ba yaro ba ne.” Sannan ya ce, “Da ji kika zo, ko da gani?”

“Da gani, Baba.”

Na buɗe baki zan faɗa, ya ɗaga hannu.

“Dakata. Muddin ba ki faɗa ba, ina da 'ya a Damagaram. Bari in sha ruwa tukuna.”

Aka kawo masa ruwa a moɗa. Ya riƙe da hannu biyu, ya yi bismilla, ya riƙa sha a hankali, yana hutawa, yana sake sha. Malam Ali yana leƙowa daga zaure yana nuna mini agogo. Na san la'asar na matsowa. Amma ko da za a ba ni duniya ba zan iya ce wa tsohon nan ya yi sauri ba.

Ya shanye tas. Ya ajiye moɗar, ya goge gemunsa.

“To. Faɗi.”

Na ce, “Baba, Allah ya karɓi ran Fanna yau da asuba. Na ga fuskarta da idona.”

Bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya lalubo takalmansa ya sa, ya miƙo mini hannu ya ce, “Kama ni mu je.”

Mun iso Birni an fara daidaita sahu. Mutane suka dare, Malam Isufu ya karɓi hannunsa daga nawa ya kai shi gaba. Ni na tsaya a zaure, daga nan na ji kabbarar farko.

Ya Allah ka jiƙan Madam Fanna, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa abin da ta koya mana ya zama mata hasken da ba ya yankewa. Ka ba Malam Isufu da 'ya'yanta haƙuri. Ka saka wa Hajiya Mariyama da alheri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, ka tsaya ka yi mata addu'a kafin ka wuce. Ku haɗa da Baba Kiyari. Yana nan zaune a zauren gidanta yana karɓar gaisuwa, kuma tun ruwan nan da ya sha a Guna bai sake sa komai a bakinsa ba.